Kwamfuta ta ƙi sabuntawa, wasa ya ƙi tashi: matakan da za ka bi kafin a goge maka na'ura

A wannan shafi muke kawo abin da aka tattauna a filinmu na kimiyya da na'urori. A shirin da ya gabata wayoyi sun yi yawa, har lokaci ya ƙure ba mu kai ga kowa ba. Daga nan Zongon Wagadugu aka fi kira, amma mun ji muryoyi daga Bobo, Sinkase, Bawku, Yamai da Maraɗi. Kusan kowa kukansa ɗaya ne. Ya sayi kwamfuta ta hannu, ya zuba wasa, wasan ya ƙi tashi. Aka ce masa sai ya yi sabuntawa, wato abin da muke kira mizajur. Ya sayi mega, ya fara, na'ura ta kai wani wuri ta tsaya, ta rubuto masa cewa ta kasa, tana mayar da komai yadda yake. Mega ta tafi, wasa bai tashi ba. Daga nan sai wani ya ce masa ai sai formataj, a goge komai a zuba sabuwar Windows.

Lambobi da umarnin kwamfuta ba sa kamuwa ta rediyo, shi ya sa muka yi alkawarin rubuto su. Ga su nan. Ka ajiye takardar nan kusa da na'urarka.

Matsala biyu ce, ba ɗaya ba

Abin da baƙonmu mai gyaran kwamfuta ya fi nanatawa shi ne wannan: ƙin tashin wasa daban, gazawar sabuntawa daban. Wani lokaci suna haɗuwa, amma sau da yawa ba ruwan wannan da wancan. Wasannin da aka fi bugawa a unguwanninmu, irin su PES 2013 da PES 2017, FIFA 14, GTA San Andreas da Need for Speed Most Wanted, an yi su ne tun kafin yawancin sabuntawar da kake wahalar saukewa. Abin da suke nema ƙananan kayan haɗi ne waɗanda ba sa zuwa da Windows kai tsaye. Ko ka sauke sabuntawar duniya, in babu waɗannan kayan, wasan ba zai motsa ba.

Kuma goge na'ura ba ƙaramin abu ba ne. A gidaje da yawa kwamfuta ɗaya ce tal. A cikinta akwai kundin kammala karatun yaya, da lissafin shagon baba, da hotunan biki da na suna waɗanda babu su a ko'ina. Mai ɗakin wasanni kuwa, duk ranar da na'ura ta kwana a wurin gyara, cefanen ranar ne ya tafi. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Yawancin kwamfutocinmu 'yan "Faransa sai wata rana" ne, wato France au revoir. Sun gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka, suka sauka a tashar Lome, Tema, Abijan ko Kwatano, sannan suka hau mota zuwa kasuwanninmu. Za ka ga HP EliteBook 8460p, Dell Latitude E6420 ko Lenovo ThinkPad T420, dukansu na 2011, ko ƙannensu na 2012 irin su 8470p, E6430 da T430. Na'urori ne masu ƙwari, amma sun haura shekara goma.

Wata tana magana da Faransanci, wata Ingilishi, wata ma Jamusanci. Saboda haka za mu fi amfani da gajerun umarni waɗanda ba sa canzawa ko wane harshe na'urar take ji. Ka danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito. A nan za ka riƙa rubutawa.

Rubuta winver. Zai gaya maka wace Windows ce, kuma wane zubi ne. In Windows 10 ce, zubi na ƙarshe shi ne 22H2. In Windows 7 ce, ka duba ko an rubuta Service Pack 1.

Sai ka rubuta dxdiag. A shafin farko za ka ga girman ram, da ko Windows ɗin mai bit 32 ce ko mai 64. Wannan yana da muhimmanci, domin duk abin da za ka sauke sai ya dace da ɗaya daga cikinsu: x86 na mai 32, x64 na mai 64. A shafi na biyu za ka ga sunan katin hoto. Rubuta duk waɗannan a takarda.

Abin da wasa ke nema

Yanzu ka buɗe wasan, ka karanta saƙon da ya fito da kyau. Mutane da yawa suna danna OK ba su karanta ba, alhali maganin yana cikin saƙon. Ka ɗauki hotonsa da waya.

In ya ce babu d3dx9_43.dll ko xinput1_3.dll, to tsoffin kayan DirectX yake nema. A nan mutane ke ruɗewa, su ce ai na'urarsu DirectX 12 take da shi, ya za a ce babu na 9? To, sabon bai ƙunshi dukan kayan tsohon ba. Abin da za ka nema a shafin Microsoft shi ne DirectX End-User Runtimes na watan Yunin 2010. Bai kai mega 100 ba, kuma in ka sauke sau ɗaya ka ajiye a kle, zai yi wa unguwa duka aiki.

In ya ce babu MSVCR100.dll, kayan Visual C++ na 2010 ne. In MSVCP140.dll ne ko VCRUNTIME140.dll, na 2015 zuwa sama ne. Ga wani abu da ake yawan mantawa: ko Windows ɗinka mai bit 64 ce, ka zuba na x86 da na x64 duka biyu, domin tsoffin wasanni yawancinsu masu bit 32 ne. Lambar nan 0xc000007b da ke addabar 'yan PES da FIFA, galibi daga cakuɗewar fayilolin 32 da na 64 take tasowa. Mai Windows 7 ya nemi zubin 2015 zuwa 2019, don mafi sabo an yi shi ne domin Windows 10 da 11.

In GTA Vice City ko San Andreas ne ya ce yana buƙatar DirectX 8.1 ko 9.0 a kan Windows 10, ba sai ka sauke babban abu ba. Rubuta optionalfeatures, ka nemi Composants hérités, a ta Ingilishi Legacy Components, ka sa alama a kan DirectPlay. A wannan jerin ne kuma za ka kunna .NET Framework 3.5, wanda wasu manhajojin saita wasa ke nema.

In kuwa wasan ya tashi amma yana tafiya kamar hawainiya, koma shafi na biyu na dxdiag. In ka ga Carte vidéo de base Microsoft, ko Microsoft Basic Display Adapter, to katin hotonka ba shi da direbansa, wanda masu Faransanci ke kira pilot. Je shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ka rubuta samfurinta, ka sauke direban hoto.

Gargaɗi ɗaya, don Allah ka riƙe shi. Kada ka je shafukan da ke raba fayilolin dll ɗaya-ɗaya. Ba ka san wanda ya taɓa su ba, kuma su ne kan gaba wajen jawo cakuɗewar da muka ambata. Ka ɗauko kunshin gaba ɗaya daga Microsoft.

Akwai wuri ɗaya da matsalolin biyu ke haɗuwa. In Windows 7 ko 8.1 ce ta ce babu api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll, wannan kam sabuntawa ce ta rasa, mai lamba KB2999226. A Windows 7 ba ta shiga sai akwai Service Pack 1. Ka ga ke nan guda ɗaya kake nema, ba ɗaruruwa ba.

In sabuntawar ta zama dole

Ba muna cewa a bar sabuntawa ba ne. Na'urar da ke hawa intanet tana buƙatarta, domin ita ke toshe ƙofofin da ɓarayi ke shiga. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris na shekarar, amma waɗanda abin ya shafa ba su zuba ba. To, bari mu bi matakan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko, kwashe kayanka. Kundi, hotuna, lissafi, har da foldar da wasa ke ajiye inda ka tsaya, wadda galibi tana cikin Documents. Zuba su a kle ko wani faifan waje. Ka tabbatar klen ba ya ɗauke da cutar nan mai mayar da folda gajeriyar hanya, wadda ake kwasowa a siber da wuraren buga takardu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, wuta. Babban makashin sabuntawa a ƙasashenmu shi ne kuran ya ɗauke tana tsaka da rubuta fayiloli. Batiran waɗannan na'urori yawanci sun mutu, da an ɗauke wuta sai allo ya yi baƙi. In batirinka ba ya riƙe awa guda, ko kuma kwamfutar tebur ce marar ondilar, ka kai ta inda akwai sola ko janareta. Musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Wagadugu ke haura digiri 40, wuta ke yawan yankewa.

Zafin kansa matsala ne. Ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura, sabuntawa kuma tana sa injin aiki ba hutu. In ya yi zafi fiye da kima, na'urar na kashe kanta don kada ta ƙone. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma. Sa ta a kan tebur, ka ɗaga bayanta kaɗan, ka yi aikin da dare ko da asuba. In fanka na ihu kullum, a buɗe a share ƙurar.

Ƙananan dalilai huɗu

Agogo. Dubi kwanan watan da ke ƙasan allo. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir mai kamar kwabo, a yawanci CR2032, shi ke riƙe lokaci idan na'ura tana kashe. In ya mutu, kwanan wata sai ya koma shekarun baya. Rumbunan Microsoft kuma ba sa yarda da na'urar da lokacinta ya kauce, saboda takardun shaidar tsaro suna da ranar farawa da ranar ƙarewa. Alamar wannan ita ce lamba 80072F8F. Gyara kwanan wata da hannu ka sake gwadawa, sannan a canza batirin. Ka gyara yankin lokaci ma: Burkina, Gana da Togo suna kan UTC daidai, Nijar, Najeriya da Benin suna gaba da awa ɗaya. Na'urar da ta zo daga Faransa tana iya kasancewa har yanzu a kan agogon Paris.

Wuri. Sabuntawa tana saukowa a dunƙule, ta warware kanta, ta kuma ajiye tsoffin fayiloli ko da za a koma baya. In faifan C ya cika da wasanni da finafinai, za ta tsaya, sau da yawa da lamba 0x80070070. Rubuta cleanmgr, ka zaɓi share fayilolin tsarin na'ura. Ka yi ƙoƙari ka bar jiga 20 babu komai.

Ma'aikacin da aka kashe. Masu sayar da kwamfuta da yawa suna kashe Windows Update da gangan, don kada ta cinye wa mai saye mega. Niyyar mai kyau ce, amma ba sa faɗa. Lamba 0x80070422 ita ce shaidar haka. Rubuta services.msc, ka nemi Windows Update, in an rubuta Désactivé ko Disabled, ka mayar da shi Manuel, ka tashe shi.

Reso. In da wayarka kake raba intanet, ko layin Orange ne, ko Moov Africa, ko Telecel, Windows 10 na iya ɗaukar haɗin a matsayin mai iyaka, Connexion limitée, sai ta ƙi sauke manyan kaya. Shiga saitin wifi ka cire alamar a lokacin da ka shirya saukewa, ka mayar da ita bayan ka gama, don kada ta riƙa zuƙe maka mega a ɓoye. In reso na yankewa, akwai hanya mafi arha. Kowace sabuntawa tana da lamba mai farawa da KB. Ka rubuta lambar wadda ta gaza, ka je shafin Microsoft Update Catalog a inda intanet ke da ƙarfi, ka sauke ta a kle, ka zo gida ka zuba. Mai ɗakin wasanni da ke da na'ura biyar ko shida iri ɗaya, saukewa ɗaya ta ishe shi.

Share ma'ajiyar da ta lalace

In duk waɗannan lafiya lau ne amma tana ci gaba da gazawa a wuri ɗaya, wataƙila fayil ɗin da ta sauko rabi ne, kuma kullum shi take komawa ta ɗauka. Lamba 0x80070002 kan nuna haka. Maganin shi ne a tilasta mata ta sake sabon zubi.

A wurin bincike rubuta cmd, danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur, wato buɗewa da ikon mai gida. Baƙin allo zai fito. Rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Entrée bayan kowane layi:

net stop wuauserv
net stop bits
net stop cryptsvc
ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old
ren C:\Windows\System32\catroot2 catroot2.old
net start cryptsvc
net start bits
net start wuauserv

A madannan Faransanci, wannan karkataccen layi yana fitowa ne in ka haɗa AltGr da 8. Ka lura sosai, catroot2 muka ce, mai 2 a ƙarshe. Akwai wata folda kusa da ita mai suna catroot kawai, kada ka taɓa ta. Abin da ka yi a nan shi ne ka tsayar da ma'aikata uku, ka canza wa rumbuna biyu suna, ka sake tashe su. Da suka duba ba su ga rumbunan ba, sai su gina sababbi. Ba abin da ya shafi hotunanka ko wasanninka. Kashe na'ura ka kunna, ka sake gwadawa.

In ka ga 0x80073712 ko 0x800F081F, lalacewar ta shiga cikin kayan Windows kanta, galibi sanadin yankewar wuta a baya. A Windows 10 da 8.1, cikin baƙin allon nan, rubuta:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yana buƙatar intanet, kuma yakan tsaya a wani kaso kamar ya mutu. Bai mutu ba, ka ba shi lokaci. In ya gama, rubuta sfc /scannow. A Windows 7 wannan umarnin na farko ba ya aiki, madadinsa shi ne KB947821, sannan sfc.

In lalacewar tana dawowa bayan kowane gyara, ka zargi faifan ajiya. Faifan da ya shekara goma yana juyawa, ya sha jijjiga a bayan babur, yana iya fara mutuwa. Wata manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana nuna lafiyarsa. In ta nuna rawaya ko ja, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, ka daina komai, ka kwashe kayanka yau ɗin nan.

Masu Windows 7, ku matso

Windows 7 ta fito a 2009, kuma Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Janairun 2020. Sabuntawar da aka fitar kafin ranar suna nan, amma sabuwar zubawa ba ta iya kai wa gare su da kanta. Dalili kuwa, a 2019 kamfanin ya canza irin hatimin da yake buga wa fayilolinsa, ya koma wanda ake kira SHA-2, tsohuwar Windows 7 kuma ba ta san shi ba. Shi ya sa za ka ga tana ta bincike har gari ya waye, ko ta jefo 80072EFE ko 80092004.

Sai an ɗora ta a hanya da hannu, kuma bi da bi: Service Pack 1, mai lamba KB976932, in babu shi, sai KB4490628, sai KB4474419, sai KB3172605. Ka cire intanet lokacin da kake zuba su, ka kashe ka kunna na'ura duk inda ta nema. Bayan haka ne za ta fara gane hanya. Wasu wasannin da suka fito daga baya suna kuma neman KB2670838.

In ta maƙale tun wurin tashi

Wannan shi ne mai tayar da hankali: allo ya nuna cewa an kasa kammala sabuntawa, ana soke canje-canje, kada a kashe kwamfuta, kuma ya tsaya a haka. Abu na farko, haƙuri. A tsohon faifai wannan na iya cin awa biyu ko fiye. Dubi ɗan fitilar faifai, in tana ƙyaftawa, aiki ake yi. Gaggawar danne maɓallin kashewa ita ke mayar da ƙaramar matsala babba.

In awoyi sun wuce fitila ba ta motsi, to a kashe. A Windows 10, in tashi ya katse sau biyu ko uku a jere, da kanta take shiga shafin gyara mai launin shuɗi. Bi Dépannage, sai Options avancées, a nan akwai wurin cire sabuntawar ƙarshe da wurin mayar da na'ura wata ranar baya. A Windows 7, ka riƙa danna F8 tun da ka kunna, ka zaɓi gyaran kwamfuta, sannan Restauration du système. Wannan ba ya goge takardunka.

Kafin formataj akwai sauran mataki ɗaya

Mutane kaɗan ne suka san shi. Ana iya zuba Windows 10 a kan Windows 10 ba tare da an goge komai ba. A samo fayil ɗin ISO na 22H2 daga Microsoft, a buɗe shi daga cikin Windows ɗin da ke aiki, a danna setup, a zaɓi riƙe fayiloli da manhajoji. Zai sake gina gidan, kayan ɗaki suna nan. Sharaɗi shi ne harshe da bit su zo ɗaya. In na'urarka mai Faransanci ce, abokinka ya kawo maka ISO na Ingilishi daga Kumasi ko Kano, zaɓin riƙe manhajoji ba zai buɗe ba.

Akwai na'urori iri biyu da gogewa ce kawai mafita a gare su. Ta farko, wadda aka zuba wa Windows ɗin da wasu suka yi wa aski, suna kiranta mara nauyi ko ta 'yan wasa. An cire mata kayan sabuntawa tun asali, ba abin da za ka gyara, kuma ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Ta biyu, wadda ta zo da Windows ɗin ofishin da ta baro, tana rubuta cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu saituna. Irin wannan tana iya neman sabuntawa daga rumbun wani kamfani a Turai wanda ba za ta taɓa samu ba. Gwani na iya warware ta, amma zubi mai tsabta ya fi kwanciyar hankali.

In za a goge, ka tsaya a wurin, ka ga an kwashe kayanka, ka buɗe su a wata na'ura ka tabbatar suna buɗuwa. Ka tambayi mai gyara wace Windows zai zuba, daga ina ya samo ta. Na'urorin da suka fito da Windows 8 zuwa sama, lasisinsu na cikin allon injin, yakan kama da kansa. Amma lambar Windows 7 da ke manne a ƙarƙashin na'ura ta daina buɗe Windows 10 tun watan Satumban 2023, sai dai in na'urar ta taɓa yin rajista da ita a baya.

Inda gyara ya ƙare

Gaskiya ɗaya ce, akwai abin da sabuntawa ba ta iya yi. Katin hoto Intel HD 3000, wanda ke cikin yawancin na'urorin 2011, iyakarsa DirectX 10.1. Ko dxdiag ya rubuta 12 a shafin farko, wannan na Windows ne, ba na katin ba. Wasan da ke neman 11 ba zai tashi a kansa ba, ko wa ya gyara. HD 4000 na 2012 ya kai 11, amma da ƙyar yake jan manyan wasanni. Windows mai bit 32 kuma ba ta amfani da ram fiye da jiga 4, ko nawa ka ƙara.

Kamfanoni ma suna rufe ƙofa. Steam ya daina aiki da Windows 7, 8 da 8.1 tun 1 ga Janairun 2024. Wasan eFootball na kwamfuta sai Windows 10 mai bit 64 zuwa sama. Windows 8.1 ta ƙare ranar 10 ga Janairun 2023, ita kanta Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai wani ƙarin wa'adi na tsaro da aka sanar zuwa 13 ga Oktoban 2026 ga masu 22H2 da suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman abin da ake kira TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, abin da na'urorin 2011 da 2012 ba su kai ba.

To me ya rage? In kana da ɗan kuɗi, abu biyu ne ke canza tsohuwar na'ura da gaske: faifan SSD a madadin mai juyawa, da ƙara ram zuwa jiga 8. In babu, ka raba aiki. Tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 tana iya zama ta wasa zalla, ba ta hawa intanet, ba a soka mata kowane kle. A haka za ta yi shekaru, yara suna maimaita wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2013 tsakanin Burkina da Najeriya, su rama ƙwallon Sunday Mba son ransu. Amma harkar banki, da imel, da duk abin da ya shafi kuɗi ko sirri, a yi su a waya ko na'urar da har yanzu ake sabuntawa. Mai son ya ci gaba da hawa intanet da tsohuwar na'ura, akwai Linux Mint, kyauta ce, kuma ba ta da nauyi. Za mu ware mata shiri guda.

Ga masu shirin saye, kafin ku biya ku sa mai shago ya buɗe winver da dxdiag a gabanku, ku duba kwanan wata, ku zare caja ku ga ko batir na riƙewa. Minti biyar ne, kuma mai kaya mai kyau ba zai ƙi ba.

A shiri na gaba za mu duba cutar kle mai ɓoye folda, da yadda ake dawo da fayilolin da ta ɓoye. Wanda ya bi waɗannan matakai ya maƙale a wani wuri, ya aiko mana da hoton saƙon da lambar da ta fito, tare da abin da winver ya nuna, za mu karanta a fili mu amsa.